Ranar da Kunun Ayar Baba Issaka Ya Yi Bindiga a Doha

Tun da na dawo kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Da na zauna a benci, wannan ya ce, "Sadi, wai da gaske ne a Qatar har kyanwa a cikin AC take kwana?" Wancan ya ce in nuna masa hoton filin ƙwallo. Shi kuwa Habu tambayarsa ɗaya ce kullum, yana rage murya kamar mai cinikin wayar sata: "Tsakaninka da Allah, lokacin da Turawa suka cika gari, ba ka ɗan kurɓa ba?" To, na gaji. Sau ɗaya zan ba da labarin nan, wanda ya tashi ya rasa wani wuri kada ya ce in maimaita. Habu, ga amsarka tun yanzu: giya ban sha ba. Amma saura ƙiris in sa a kori wani dattijo daga ƙasar saboda giyar da ba wanda ya dafa.

Na tafi ne ana tsakiyar korona, aikin direba na samu. Kafin ka ga ƙofar jirgi sai an gwada ka. Wata ma'aikaciya ta zura min tsinke a hanci, wallahi sai da ta taɓo karatun da na manta tun firamare. Daga Kano muka kama hanyar Abuja a mota, mu bakwai a baya, kowa da takunkumi a haɓa. Duk wanda ya yi tari sai mota ta yi tsit, a bi shi da harara kamar ya zagi iyayen mutane. Wani tsoho ya ƙware da gyaɗa a Zariya, har muka sauka ba wanda ya ƙara ce masa sannu.

A jirgi ba wani labari, na ci abin da aka ba ni, na ci na maƙwabcina da ya yi barci. Labari ya fara a filin jirgin Doha. Jakata ta shiga na'ura, sai wani jami'i da farar jallabiya ya ɗaga hannu. Ya buɗe, ya wuce kilishi, ya wuce yaji, daddawa ma da ta gaishe shi tun daga nesa ya kawar da kai. Sai ya zaro gorar lemo da Inna ta ɗura min zuma a ciki. Ya ɗaga ta sama, ya juya, ya kira wani. Su biyu suka buɗe suna shinshinawa. Can ɗayan ya ce, "Asal. Khalas, yalla." Wato zuma ce, wuce. Tun a nan na gane ƙasar nan ba a wasa da kwalba. Da na riƙe wannan karatun, da ba ku sami labari yau ba.

Aka killace ni a otal. Abinci a bakin ƙofa ake ajiyewa, a ƙwanƙwasa a gudu, kamar ana ciyar da kura. Kuma a can wayarka ce mai gidanka. Akwai wata manhaja, in ta nuna kore ka shiga kanti, in ta canza launi ko masallaci ba ka isa ba. Ni da a Kano fuskata ke buɗe min ƙofa, na koma ina roƙon waya kada cajinta ya ƙare.

Da na fito aka kai ni masauki a Fereej Abdel Aziz, tsohuwar unguwa, kantuna a ƙasa, mu a sama. Mu shida a ɗaki, gado mai hawa biyu, firji ɗan mitsitsi wanda in ka sa kankana sai ka fitar da ruwa. A nan na haɗu da Baba Issaka. Mutumin Zangon Kumasi ne, gadi yake yi a wani babban kanti, gemunsa ya yi fari fat. Shi ke jan mu salla. Duk abin da ka gaya masa, ko daɗi ko ɗaci, sai ya ce, "Yoo." Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Kano, bakinka ya fi jakarka nauyi." Na ce, "Baba, ai shi kaɗai ne ba a biya masa kuɗin awo ba." Ya ce, "Yoo." Tun daga ranar muka shirya.

Baba buri ɗaya ya rage masa a duniya. Yana so ya hau motar Umra daga Doha, ya ga Ka'aba da idonsa, sannan ya koma Kumasi ya zauna da jikokinsa. Ya shirya, korona ta rufe hanya. Aka buɗe, kamfani ya ce a bari sai an gama gasar cin kofin duniya, ba hutu ga kowa. Haraminsa na nan a ninke cikin leda ƙarƙashin matashin kai. Wani lokaci in ya ɗauka ba mai kallo sai ya fito da shi ya shafa ya mayar.

Abinci kuwa, shinkafa ce da nama, su ce machbus, gobe shinkafa da kaza, su canza mata suna. Burodinsu fale-fale kamar faifai. Amma abin sha, nan suka burge ni. Akwai karak, shayi da madara da kayan ƙamshi. Ka tsaya da mota a bakin shago, ka danna hon, a kawo maka har taga. Ku gwada danna wa mai shayinmu hon ku ga abin da zai jefo muku. Akwai gahawa, ɗan kofi kamar murfin kwalba. Wani Balarabe da na kai gida ya ce in shigo majalisarsa. Aka zuba na shanye na miƙa kofi, aka ƙara, na shanye na miƙa, aka ƙara. Ashe sai ka girgiza kofin ake dainawa. Ni ina jin kunyar in ƙi, mai zubawa yana jin kunyar ya tsaya. Kwana biyu idona bai rufu ba, har tunanin maƙwabta nake ji.

Duk da haka, ranar Juma'a ba abin da ya kai na ɗakinmu. Baba na haɗa zoɓo, shi sobolo yake ce masa, wani lokaci lamurje, amma sarkinsu kunun aya. Ayar daga Ghana ake kawo masa, dabino kuwa a can kamar tsakuwa yake. Ya sa kwakwa, ya sa citta, ya tace da farin ƙyalle. In ka kurɓa sai ka manta kana da kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ka aiki.

Da ƙwallo ta matso, mai kula da masaukinmu, wani ɗan Sudan da muke kira Mudir, ya tara mu a tsakar bene. Ya ce baƙi za su zo, an ware musu wuraren shansu a otal-otal da filin 'yan kallo, wannan tsakaninsu da hukuma. Amma mu, duk wanda aka samu da kwalba a ɗaki, ko yana haɗawa, zai rubuta wa kafil, a soke iƙama, wato takardar zama a ƙasar, sai jirgi. Mudir ba mugu ba ne, shi ma wuyansa yake tsoro.

Sai gari ya cika. Na ɗauki mutane iri-iri, wasu fuska rabi fari rabi shuɗi, wasu da ganga, wasu sun sayi jallabiya sun ɗaura rawani a karkace. Kusan kowa in ya shiga mota tambaya ɗaya: ina ake samun giya mai araha? Ni da ko ƙamshinta ban sani ba na zama ofishin tambaya.

A cikinsu akwai wani tsoho ɗan Ajantina, sunansa Raul, ni na mayar da shi Malam Rabilu. Tsohon direban tirela ne, shi ya sa jininmu ya haɗu. Turancinsa gurgu, nawa makaho, waya ke yi mana jagora. Ya ɗauke ni na kwanaki. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu. Duk ƙasar da ya taka, sai ya nemi giyar da mutanen gari ke sha, ba ta otal ba, da ƙauyukan da ake matsar inabi da araha, ya rubuta. Ya nuna min shafin garinsu, gonakin inabi a gindin duwatsu, ya ce a can talaka ma yana ɗura gora a bakin gona. Ya nuna min wani ƙauye a Fotugal, wani a Jojiya inda ake binne tulu a ƙasa. Na lura rubutun farko siriri ne mai kyau, na ƙarshe kamar kaza ta taka tawada. Na tambaya. Ya buga a waya ya miƙo min: matarsa ce ke rubutawa, shi yana tuƙi. Korona ta ɗauke ta. Sun yi alkawarin zuwa wannan gasar tare.

Ya buɗe shafin da aka rubuta Qatar a sama da siririn rubutun nan. Ƙasa fari fat. Ya ce ya je filin 'yan kallo, kwalbar da ke can ita ce ta ko'ina, ga tsada kamar da zinare aka dafa. Shi abin da mutanen gari ke sha yake nema.

Na ce, "Malam Rabilu, ka faɗo hannun da ya dace."

Na zaga da shi. Karak a Al Muntazah, ya ce da daɗi amma wannan na safe ne. Laban, wato nononsu mai gishiri, a wani kanti a Old Airport, ya yamutsa fuska ya shanye. Lemon tsami da na'ana'a. Har wata kwalba mai kama da giya wadda ba ta bugarwa na saya masa, ya kurɓa ya dube ni kamar na nuna masa hoton abinci yana jin yunwa. Na ba shi labarin burukutu da bammi na ƙasarmu, na kwatanta masa ɗanɗanonsu dalla-dalla, ni da ko ƙwaryar ban taɓa riƙewa ba. Amma shafi na nan fari.

Nan bakina ya ja ni. Na ce akwai wani dattijo a gidanmu, yana haɗa abin da ba a samu a otal. Na roƙi Baba ya yi mana kunun aya na musamman, gora shida. Baba ya ji labarin matar, ya ce, "Yoo, Allah ya ba shi haƙuri," ya tashi ya jiƙa aya. Washegari ina saukowa daga bene da gorunan a leda, na kira Rabilu a waya ina ihu da Turanci, ina dariya: giyar gida ta samu, haɗin Baba na musamman! Ban lura Mudir na tsaye a lungun bene yana duba mita ba.

Baba ya ja min kunne: "Ɗan Kano, kunun aya ba ya son rana. Yau-yau a sha shi." Na ce an gama. Na zuba a but. Ko titi ban hau ba kamfani ya kira, jirage sun sauka, kowa filin jirgi. Daga nan filin ƙwallo, daga nan otal. Rabilu ma ya bi 'yan ƙasarsu murna. Kwana biyu gorunan nan suna but, mota tana shan rana. Wai lokacin sanyinsu ne, amma sanyin Doha da rana zai soya ƙwai.

Da na tuna na buɗe but, gorunan sun kumbura sun yi tauri kamar tayar tirelar Rabilu. Mai hankali zubarwa zai yi. Ni tsoron faɗan Baba ya kama ni, na ce bari in ɓoye tukuna in san ƙaryar da zan shirya. Na lallaɓa da safe ba kowa a ɗaki, na tura su ƙarƙashin gado. Gadon ƙasa kuwa na Baba ne, nawa na sama.

Da azahar na ɗauko Rabilu, na ce ya jira a mota in hau in roƙi Baba ya sake wani. Ina tsakiyar bene na ji "Tau!" Sai kuma "Tau! Tau!" Wallahi na ɗauka an fara yaƙi. Na shiga ɗaki da gudu. Farin kumfa har silin, wani tsami ya turnuƙe ko'ina. Baba na tsaye da carbi a hannu, gemunsa na ɗiga. A bakin ƙofa ga Mudir, ya zo zagayen duba ɗakuna, takarda a hannu, rigarsa ta jiƙe.

Mudir ya durƙusa ya jawo sauran gorunan daga ƙarƙashin gadon. Ya shinshina. Ya dubi Baba ya ce, "Ya Hajj, kai? Kai da ke jan mutane salla?"

Ban taɓa ganin Baba ya rasa "Yoo" ba sai ranar. Ya ce, "Mudir, shekaruna sun kusa sittin, ban taɓa sa wannan abu a bakina ba. In ka rubuta, ba aikin nake ji ba. Kafin jirgina ya sauka labari ya riga ni Zango. A ce Issaka giya yake dafawa a ƙasar Larabawa. Da wane ido zan kalli jikokina?" Sai ya juya yana goge ledar haramin nan da hannun riga, don kumfa ya fantsama a kai.

Na ce, "Mudir, tsaya. Ni ne. Kunu ne, ni na manta shi a but, ni na ɓoye a nan. Baba bai sani ba."

Mudir ya ce, "Kai Sadi? Ba kai ka ce min kakanka ya taɓa kayar da raƙumi da mari ba? Ba kai ka ce a Kano kuna da rijiyar da ake jan shayi ba? Kuma da kunnena na ji ka a bene kana cewa giyar gida, haɗin Baba. Wanne zan ɗauka, na shekaranjiya ko na yau?"

Jama'a, ranar na san illar bakina. Sau ɗaya a rayuwata na faɗi gaskiya tsantsa, ba mai saye.

Na ce, "To Mudir, kai ka san warin giya?" Ya ce, "A'uzubillahi!" Na ce, "Baba bai sani ba, ni ban sani ba. Mu uku muna shari'a a kan abin da ba wanda ya taɓa gani. Amma akwai malamin abin a ƙasa cikin motata."

Na sauka na jawo Rabilu. Ya shigo da rigar ƙwallonsa da littafinsa, na yi masa bayani rabi da baki rabi da waya. Ya ɗauki gora ɗaya, ya sassauta murfi a hankali tana huci, ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya lasa. Fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar leda. Ya fara faɗa da yarensu, hannu na tashi sama. Waya ta fassara: ya zaga ƙasashe, ya sha mai kyau ya sha marar kyau, amma kiran wannan giya cin mutunci ne ga duk mai dafa giya a duniya. Wannan abin sha ne da wani sakarai ya bari ya lalace. Yana faɗin sakarai yana nuna ni, ban san yadda aka yi ya gane ba.

Mudir ya sosa kai. Ya ce, "Shaidar mai sha ce." Gaskiyarsa kuma.

Sai Baba ya ce, "Mudir, zauna." Akwai ayar da ya jiƙa ta Juma'a a bokiti. A gabanmu ya wanke, ya cire ƙwallon dabino, ya kankare kwakwa, ya markaɗa a blanda, ya tace. Bai zubar da ko ɗigo ba. Ya sa ƙanƙara ya miƙa wa Mudir kofi, ya miƙa wa Rabilu. Ni ya tsallake ni.

Mudir ya kurɓa, ya ƙara kurɓa, ya shanye. Ya ce, "Wannan halal ne, na yarda. Amma me zai tabbatar min shi ne ya zama wancan?" Ya ɗauki gora, ya ɗura sauran da hannunsa, ya ɗaure murfi tam. Ya ce zai sa a but ɗin motarsa. In ya yi abin da wancan ya yi, khalas. In bai yi ba, takarda za ta tafi.

Shi kuwa Rabilu yana zaune a gefen gado. Ya riƙe kofin da hannu biyu, yana sha kaɗan-kaɗan. Sai ya buɗe littafin a farin shafin nan, ya sa Baba ya faɗi sunan abin sau uku, ya rubuta da rubutun kazarsa a ƙarƙashin na matarsa. Ya buga a waya ya nuna wa Baba: ita ba ta cika son giya ba, rakiya take yi masa. Wannan da ta sha, da ta nemi ƙari. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yoo." A hankali ya faɗe ta.

Kwana biyun nan Baba bai yi min magana ba. Na wanke ɗaki, na wanke silin, na wanke zanin gadonsa. Ni da ban taɓa roƙon Allah abu ya lalace ba, na dage da addu'a kunu ya ruɓe. In na wuce motar Mudir sai in duba ko tana inuwa. Na same ta a ƙarƙashin rumfa, na je na ce masa ana zuwa gyaran rumfar, ya matsar da ita rana. Wannan ƙaryar kam ban yi nadamarta ba.

Rana ta biyu bayan la'asar, Mudir ya hawo bene yana huci, wandonsa fari da kumfa. Ashe ya buɗe but ya duba, yana taɓa gorar ta tashi da shi. Ya tsaya a gaban Baba, ya zaro takardar ya yaga biyu, ya ce, "Samihni, ya Hajj, ka yafe min." Sannan ya wurgo min makulli: "Kai kuma mai rijiyar shayi, ka wanke motar nan har ta manta."

Sati guda ina wankewa, har na baro ƙasar in ka shiga motar Mudir sai ka ji kamar an yi ɓarin fura.

Da aka gama gasar, 'yan ƙasar su Rabilu suka ɗauki kofi, ya kira ni yana kuka yana ihu, ban gane ko kalma ɗaya ba. Baba kuma ya sami hutunsa. Ni na kai shi tashar motar Umra, ledar haramin a cinyarsa, har lokacin maganarsa da ni ba ta wuce sallama ba.

Da ya dawo, kansa a aske ƙwal, ya zauna a gadonsa yana raba tsaraba. Kowa ya samu dabino da carbi. Na ce shi ke nan, an sake tsallake ni. Sai ya laluba jaka ya zaro 'yar gora ya miƙo min. Ruwan Zamzam.

Ya ce, "Ɗan Kano, karɓi. Wannan ko shekara ka bar shi a but, ba zai tona wa kowa asiri ba."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, kun san ni. Ba abin da ya fito. Sai na ce, "Yoo."